Kwarin Gawo Ba Namu Ba Ne

Tungar Yari, ta Zurmi
14 ga Nuwamba, 1999

Ɗana Kamilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan, ban da zazzaɓin kaka da ya ratsa yara ya wuce. Ka gaida mahaifiyarka Saude. Wataƙila ba za ka tuna ni ba. Ni ne Mahmud, malamin firamaren garin nan. Babana da baban Saude wa da ƙane ne. Rabona da kai tun kana rarrafe, kafin a kwashe ku zuwa Kaura.

Ban ji daɗi ba da kuka zo awon filaye ba na gari, ina Zurmi wajen taron malamai. Da na dawo aka ce mini cikin ma'aikatan har da ɗan Saude, ya gama karatun safiyo, shi ke ɗauke da na'ura mai ƙafa uku. Washegari sai da na ba 'yan aji shida labarinka. Na ce musu ga jiha sabuwa mun samu, ga ɗanmu cikin masu tsara mata ƙasa, saura su.

An ce kun yi tambaya a kan Kwarin Gawo, kwarin nan na yamma da gari, bakin hanyar da ke zuwa Shinkafi. Kun same shi cike da ruwa, na san ba ku ga komai ba sai bado da kwaɗi. Ka dawo nan gaba ka sha kallo. Ruwa na janyewa, manoma na bin sawunsa da albasa da dankali. In an cire albasa, shanun Ardo Labbo su gangaro su sha abin da ya rage, su ci 'ya'yan gawo, su bar taki. In ƙasa ta tsattsage kuma, mata su shiga haƙar yumɓu. Babu randar amarya a yankin nan da ba daga kwarin ta fito ba. Na tambayi Maigari abin da suka gaya muku, ya ce kowa ya amsa yadda ya kamata. To ni ma bari in ƙara nawa: Kwarin Gawo ba namu ba ne, ba kuma na kowa ba ne a garin nan. Ka gaya wa manyanka haka, hankalinka kwance.

Gwaggo Tasalla, ƙanwar kakanka, ita ce babbar masu ginin tukwane, kuma fushi take da kai. Ta ce, "Wane irin miji ne wanga, ya tsaya bakin zaure shina tambayata ƙasa, bai tambayi ko na karya ba? Ka ce mashi ya aiko mani da takardata." Ka san wasan kaka da jika, sai ka nemi abin lallashi.

Mudi direba zai kawo maka wannan. Ta hannunsa za ka riƙa ba da amsa. Ka riƙe salla, ka yi tambaya da yawa, kada ka ji kunyar cewa ba ka sani ba.

Kawunka,
Mahmud

*

Kaura Namoda
29 ga Nuwamba, 1999

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka, na ji daɗi ƙwarai. Muna lafiya. Inna ta ce ta tuna lokacin da kake koya mata baƙi da gawayi a jikin katanga, tana gaishe ka.

Kawu, wasiƙarka ta zo a kan gaɓa. Batun kwarin nan ya ɗaure mana kai a ofis. Mun tambayi manoma, suka ce na Fulani ne. Muka je ruga, Ardo ya ce na mata masu tukwane ne. Na tambayi Kaka Tasalla, ta ce na manoma ne. Muka koma inda muka faro. Shugabanmu ya ce shi bai taɓa ganin wuri mai kyau haka kowa na ture shi ba, lalle akwai abin da ake ɓoyewa. Da na karanta masa inda ka ce ba na kowa ba ne, sai ya ce tunda malamin gari ya faɗa, magana ta ƙare.

Ga albishir. An sa kwarin cikin filayen hukuma. Za a cike shi da jar ƙasa, a yi tashar mota da rumbunan hatsi, don motocin Shinkafi su riƙa tsayawa. Ana so a gama cikon kafin ruwan fari. Ni na zana tashar da hannuna, kuma ita ce aikina na farko. Na yi murna da ya faɗo a garin mahaifiyata.

Ka ce wa Kaka babu saki. Ga goro nan na ba Mudi.

Ɗanka,
Kamilu

*

Tungar Yari
16 ga Janairu, 2000

Ɗana Kamilu,

Bayan gaisuwa, barka da shan ruwa, barka da Salla. Mun yi azumi lafiya, sai Gwaggo Tasalla da gwiwa ta ɗan matsa wa. Shiru ban ji daga gare ka ba. Na ce ko na cika surutu ne a wasiƙata, halin malamai.

Ana tsakiyar azumi wasu mutane suka zo da mota, suka kafa turakun siminti kewaye da Kwarin Gawo, suka tafi ba su ce wa kowa komai ba. Gari ya rabu. Wasu suka ce filin Idi za a yi, tunda ga Shari'a za ta fara aiki. Wasu suka ce a'a, filin Idi a cikin laka? Maigari ya ce shi ganinsa hukuma ta ji bayaninmu ne, ta shata wurin don kada wani ya ci iyaka. Ni ma nan na tsaya, don na san akwai ɗanmu a ciki. Na kwashi 'yan aji biyar da shida, muka shafe turakun da farar ƙasa, na yi musu darasi a kan yadda hukuma ke tsare kayan jama'a. Ardo Labbo har ya samu wurin ɗaure maraƙi. Ka isar da godiyarmu ga shugabanku.

Ban rufe takardar nan ba sai ga Mudi. Ashe motarsa ce ta karye a Ɗan Isa tun kafin azumi, wasiƙarka da goron suna cikin aljihun motar. Goron ya bushe.

Na karanta, na sake karantawa. Tashar mota? A Kwarin Gawo? Kamilu, ban gane ba. Ni na ce maka ba na kowa ba ne don a san ba a taɓa shi. Ta ina aka bi aka ji cewa a taɓa? Na gaya maka albasa, na gaya maka shanu, na gaya maka yumɓu. Ko shafin farko bai iso ba ne?

Ba faɗa nake maka ba. So nake ka san abin da ke ƙarƙashin jar ƙasar da za a zuba. Mai albasa zai nemi wata fadama, Ardo zai ƙara tafiya, duk da wahala. Gwaggo Tasalla kuwa ba ta da gona, ba ta da ɗa. Tun tana budurwa take ginin tukwane, Mudi na kai mata su kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Yumɓun da ba ya fashewa a wuta, a duk yankin nan sai a kwarin. Ita da sauran matan ba su da wani.

Ban gaya mata ba tukuna. Ka amsa mini da gaggawa, kada ka jira Mudi, ka ba duk wanda zai biyo ta nan.

Kawunka,
Mahmud

*

Kaura Namoda
3 ga Fabrairu, 2000

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai dai tun da na karanta wasiƙarka abinci ba ya yi mini daɗi. Allah ya ba Kaka sauƙi.

Shafin farko ya iso, kuma na karanta shi. Na ɗauka kana nuna mini cewa mutane na ɗan taɓa wurin ne kafin mai shi ya zo. A makaranta abin da aka koya mana, fili ko dai yana da mai shi, ko kuwa na hukuma ne. A taswirarmu gona tana da launinta, makiyaya tana da nata, maƙabarta da nata. Babu launin wurin da yake gona da sanyi, makiyaya da rani, mahaƙa da bazara. Na nemi in shafa masa uku, shugaba ya ce ba zanen gado nake yi ba.

Amma ba mugun mutum ba ne. Na kai masa maganarka, sai ya ce abu ɗaya zai iya tsayar da aikin. Mutum guda ya fito gaban alƙali ya ce wurin nasa ne, a samu shaidu, kada wani ya ja. In aka yi haka, za a mayar da tashar kan faƙon da ke gabas da gari.

Kawu, ni abin da ya fi ɗaure mini kai ke nan. A ofis kullum rigimar da muke rabawa ita ce mutum biyar a kan fili ɗaya, kowa na rantsuwa nasa ne. Ku kuwa gari guda an rasa mai cewa nawa. Me ya sa? Mutum ɗaya kawai ake nema.

Ɗanka,
Kamilu

*

Tungar Yari
27 ga Fabrairu, 2000

Ɗana Kamilu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, gwiwar Gwaggo ta yi sauƙi. Ka ci abinci. Ba a gyara kuskure da yunwa, kuma wannan ba naka ne kai kaɗai ba.

Ka tambaye ni me ya sa. Na ɗauki alƙalami zan amsa, sai na ga ni ma rabi na sani. Na tashi na ji ana cewa ba namu ba ne, ni ma na riƙa faɗa, kamar yadda mutum ke cire takalmi a ƙofar ɗaki ba ya tambayar dalili. Sai na je wurin Gwaggo, na gaya mata komai, na kuma tambaye ta.

Na same ta tana murza laka a tafinta. Ta ce zamanin kakanta an yi faɗa a kwarin tsakanin wani manomi da wani makiyayi, kowa na cewa nasa ne, har aka rasa rai. Bayan an yi sulhu, dattawa suka taru gindin gawon suka yi alkawari: daga ranar babu bakin da zai ƙara cewa nawa. In an tambaye ka, ka ambaci wanda ke shiga bayanka. Manomi ya ce na makiyayi ne, makiyayi ya ce na mata ne, mata su ce na manomi ne. Wanda ya ce nawa kuwa, ya cire hannunsa daga wurin har ya mutu. Ba ya shuka, ba ya shayarwa, ba ya haƙa. Ka ga ashe amsa suka ba ku cikakkiya, kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa shaida. Ku kuka ji ƙi.

Na ce, "To Gwaggo, me ya hana ku yi musu wannan bayani?"

Ta ce, "Ba su tambaya ba. Kuma yanzu da anka ce Shari'a, wa za ya buɗe baki ya ce alkawarin gindin icce? Sai a ce muna tsafi."

Ran Juma'a na sa Maigari ya tara mutane. Na karanta musu wasiƙarka, na yi bayani kamar ina aji. Na ce mutum ɗaya ake nema. Kowa ya sunkuyar da kai. Wani manomi ya ce, "Bari Ardo ya faɗa, ai nasu ne." Ardo Labbo ya ce, "In faɗa, shanuna su sha mi? Kai ka faɗa, albasa ba ta da ƙishirwa irin ta saniya." Manomin ya ce, "Ka ga tsiyar Bafillace, shi ya sha ruwa, ni in sha rana." Aka yi dariya, aka watse ba a tsayar da komai ba.

Na ce to ni zan faɗa, tunda ba na shuka komai a can. Maigari ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kana da ɗiya maza huɗu. Yau kai ne, mun yarda da kai. Gobe in ba ka, su ce gado ne fa?"

Na hau keke na je Zurmi wurin alƙali. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi murmushi, ya ce tun da ya fara zama bai taɓa ganin shari'ar da shaidu suka cika gari babu mai da'awa ba. Na tambaye shi ko alkawarin camfi ne. Ya ce shi bai ga tsafi a ciki ba, sulhu ya gani, sulhu kuwa alheri ne. Ya ce akwai hanya: a yi waƙafi, wato a tsayar da wurin sadaka ga masu amfani da shi, ba a sayarwa, ba a gado. Na yi murna har na miƙe. Sai ya ce, "Zauna, Malam. Waƙafi sai mai abu ke yin sa. Wa zai bayar?"

Ka ga mun sake dawowa gindin gawo. Kafin a bayar sai an ce nawa, wanda ya ce nawa kuma ya rasa. Ko kana da wata dabara daga karatunku?

Kawunka,
Mahmud

*

Kaura Namoda
21 ga Afrilu, 2000

Kawu,

Ina gaisuwa, ina neman afuwa. Ba share ka na yi ba. An tura mu awo Galadi tun kafin Babbar Salla, sai shekaranjiya na dawo na tarar da wasiƙarka. Ina lafiya.

Ba ni da dabara, kuma lokaci ya tafi. Katafilar da za ta yi cikon tana Zurmi tana ƙarasa wata hanya, daga can sai wurinku. Shugaba ya ce ba zai iya riƙe ta ba tare da takardar alƙali ba.

Na yi tunani. Ni jikan garin ne, ba ni da mata balle 'ya'ya, ba na shuka, ba na kiwo, ba na gini. Bari in zo in ce nawa ne, in bayar. Na san za a ce ma'aikacin filaye ya zana wa kansa fili, kuma mai yiwuwa aikin ya tafi. Amma ni na zana tashar. Ban gaya wa Inna ba. Ka gaya mini ranar da zan zo.

Ɗanka,
Kamilu

*

Tungar Yari
12 ga Mayu, 2000

Ɗana Kamilu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ana ta zafi, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ka gaida Saude. Ka zauna a wurin aikinka, ba sai ka zo ba. Takardar alƙali tana cikin ambulan ɗin nan, ka miƙa wa shugabanku da hannunka.

Wasiƙarka ta sa ni alfahari, ta kuma tsorata ni. Na kai wa Gwaggo Tasalla na karanta mata. Ta ce, "Shi wa? Yaron da bai san warin laka ba? Wa za ya shaide shi? Ardo bai taɓa cewa na safiyo ne ba." Na ce haka ne. Ta ce, "Kuma a kore shi aiki, in ci mi? Miji ba aiki ai kaya ne." Ta ci gaba da shafe bakin tulun da take ginawa, na ɗauka magana ta ƙare.

Washegari da hantsi ta aiko Ladidi, wadda ke taya ta gini, wai in nemo Mudi, in kira Maigari da Ardo, za ta Zurmi. Na je na ce, "Gwaggo, kin san abin da za ki yi kuwa?" Ta ce, "Kai ne malami, lissafa mani. Ba ni da ɗa da za ya ce gado. Ardo tun ubansa suke cewa na mata ne, ba za ya yi ƙarya ba in ya maimaita. Manoma ba su tsoron tsohuwa. Saura wa?" Na ce saura ke, me za ki ci? Ta ce in ɗauko mata mayafinta.

Muka shiga gaban alƙali. Ya ce, "Inna, Kwarin Gawo na wane ne?" Ta buɗe baki, sai na ji ta ce, "Na mano..." ta tsaya. Bakin ya saba. Ta haɗiye, ta ce, "Nawa ne. Na bayar, don Allah, ga masu albasa da masu shanu da masu yumɓu, kowa da lokacinsa." A numfashi ɗaya ta faɗe shi, kamar mai cire ƙaya. Alƙali ya juya ga Ardo Labbo. Ardo ya ce, "Na matan ne, ita ce babbarsu." Maigari ya shaida. Aka tambaya ko akwai mai ja, babu.

Yanzu ga inda kaina ya sake ɗaurewa. Na ɗauka tunda don jama'a ta yi, babu wanda zai riƙe ta da tsohon alkawari. Kuma babu. Maigari da kansa ya je ya ce ta koma haƙarta. Ardo ya aiko da ƙwaryar nono da irin wannan saƙo. Liman ya ce mata babu komai a kanta. Ta ce, "Liman, ba kai anka yi ma alkawarin ba. In na faɗa na koma na haƙa, gobe wani ya faɗa shi ma ya haƙa, shi kuwa ba za ya bayar ba." Na ce to Ladidi ta haƙo ta kawo miki gida. Ta ce, "Yumɓun ina?" Na kawo mata hujja iri iri, Kamilu, har da waɗanda ni kaina ban yarda da su ba. Ta ce in je in koya wa yara.

Ban san ko mun ci nasara ba ne ko mun yi hasara. 'Yan aji shida sun tambaye ni, na ce su ba ni lokaci. Kwarin yana nan. Matan suna ta haƙa kafin ruwa ya sauka. Ita kuwa kullum da safe sai ta tafi ta zauna a kan ɗaya daga cikin turakunku, waɗanda muka shafa wa fari, ƙafarta ba ta tsallake shi. Daga nan take ɗaga murya: "Ladidi, ba nan ba, wannan yashi gare shi. Matsa gaba, inda ya yi baƙi." Hannayenta na kan cinyarta, yatsun suna motsi.

In za ka sa wa kwarin launi a taswirarku, ban san wanne zan ce maka ba. Ka dai rubuta sunansa, ka rubuta lokutansa uku. In kuma aka sake tura ka wani gari, aka ce maka wuri ba na kowa ba ne, ka nemi wuri ka zauna, ka tambayi wa ke shigarsa da rani.

Mudi zai sauke maka kaya naɗe cikin buhu da ciyawa. Tulun nan ne da na tarar tana shafe wa baki, an gasa shi ranar Talata. Na ce ta bar shi a ɗakinta, ta ƙi. Ta ce, "Ka kai ma mijina, ya sha ruwan sanyi ya bar rama. Ka ce mashi ya riƙe da hannu biyu. In ya fasa, babu wani."

Kawunka,
Mahmud